A Mayar Wa Ƙasar Suleja Da Aji Shida

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna, ya wuce Zuba da Madalla ya iso Gauraka, ba zai rasa ganin takardun talla manne a jikin bango da turakun lantarki ba, suna kiran yaran da suka gama sakandare su zo a shigar da su aji biyu na jami'a cikin 'yan watanni. Irin wannan talla ta cika garuruwan da ke kewaye da Abuja, kuma ba a banza ta ke yawa ba, gama Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Akwai dubban samari da 'yan mata zaune a gida da takardar sakandare a hannu, sun yi jarrabawar JAMB sau ɗaya ko sau biyu ba su sami shiga ba, iyayensu kuwa sun ƙosa su ga sun ci gaba.

Abin da masu tallan nan su ke sayarwa shi ne karatun share fagen shiga jami'a, watau darussan da suka ɗara na sakandare zurfi, waɗanda a ke ɗauka daidai su ke da shekarar farko ta jami'a. Wannan karatu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A da gwamnati ce ke ba da shi a makarantunta, da malamanta, da kayan aikinta. Ta sake shi ya faɗa hannun 'yan kasuwa, kuma lokaci ya yi da za ta karɓi abinta, musamman a wuri irin ƙasar Suleja inda bukatarsa ta fi tsanani.

Yadda Abin Ya Ke A Da

Mai karatu da ya manyanta zai tuna cewa kafin a sauya tsarin ilmi, yaro yakan yi shekara 5 a sakandare, ya ɗauki jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952. Wanda ya ci da kyau sai ya zarce aji shida, ya yi shekara 2, ƙaramin aji da babban aji, yana karanta darussa 3 kacal, sa'an nan ya ɗauki jarrabawar HSC. Kwalejoji irin su Barewa ta Zariya da ta Gwamnati da ke Keffi sun yaye mutane da yawa ta wannan hanya. Mai HSC idan ya shiga jami'a shekara 3 zai yi ya sami digiri, domin an riga an gyara shi tun daga ƙasa.

Amma makarantun da ke da aji shida a Arewa kaɗan ne ƙwarai, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ga cewa in ta zauna jiran masu HSC ba za ta cika azuzuwanta da 'yan Arewa ba. Saboda haka ta buɗe tata makarantar share fage a Zariya, jihohi kuma suka bi sahu. A Maiduguri aka yi kwalejin Jihar Arewa Maso Gabas, wadda ta rikiɗa ta zama Jami'ar Maiduguri a 1975. Kano da Zariya suka yi nasu kwalejojin, Jihar Neja kuma ta yi tata a Zungeru, wadda daga baya ta koma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. A 1976 aka kafa hukumar IJMB ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello, domin ɗaliban waɗannan kwalejoji su riƙa ɗaukar jarrabawa iri ɗaya wadda jami'o'i za su amince da ita.

Gwamnatin Tarayya ma ba ta zauna ba. Ta buɗe makarantu na musamman don wannan karatu a Legas, da Aba, da Ondo, da Ogoja, da Mubi, da Sakkwato, da kuma nan Suleja. Watau akwai lokacin da yaro zai baro wata jiha mai nisa ya zo Suleja takanas don ya yi karatun share fagen jami'a a makarantar gwamnati. Yau ɗan Gauraka, wanda ke zaune a bakin ƙofar Suleja, shi ne ke yawo yana neman inda zai saya.

Abin da ya kawo haka shi ne tsarin 6-3-3-4, wanda manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta zo da shi, aka fara aiki da shi a 1982. Aka mai da sakandare shekara 6, jami'a shekara 4, aka ce babbar sakandare ta wadatar. A 1988 rukunin farko suka ɗauki sabuwar jarrabawar gama sakandare, aji shida kuwa aka yi ta rufe shi makaranta bayan makaranta. Makarantar share fage ta Tarayya da ke Suleja ta shuɗe, garin ya sami makarantar yara masu hazaƙa a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Wannan makaranta abin alfahari ce, amma ta ƙasa baki ɗaya ce, 'yan kaɗan ta ke ɗauka daga kowace jiha, kuma aikinta dabam ne.

Ƙofar Da Ba A Rufe Ba

Sai dai an rushe aji shida ba a toshe ƙofar da ya ke shiga ba. Har gobe hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana da hanyar shiga kai tsaye, inda mai sakamakon IJMB, ko na JUPEB wadda wasu jami'o'i suka kafa a 2014 bisa jagorancin Jami'ar Legas, ko difloma, ko NCE, zai nemi shiga aji biyu. Ƙofa tana buɗe, tsanin hawa ne gwamnati ta janye. A inda gwamnati ta janye kuwa, ɗan kasuwa ya kan kafa nasa, ya tsaya a gindi yana karɓar kuɗi.

Masu neman tsanin kuwa kullum ƙaruwa su ke yi. A sakamakon farko da JAMB ta bayar na jarrabawar 2025, sama da yara miliyan 1.9 ne suka zauna, kuma sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ko waɗanda suka haye ma ba duka jami'o'i ke iya ɗauka ba. Gauraka da maƙwabtanta suna da kaso mai tsoka cikin waɗannan yara, gama tun da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991 garuruwan nan su ke cika da ƙananan ma'aikata, da direbobi, da masu gadi, da 'yan tireda, waɗanda ke aiki a birni amma kuɗin haya ya hana su kwana a can. Irin waɗannan iyaye ba su da gadon da za su bar wa 'ya'yansu sai ilmi, kuma su ne su ka fi saukin faɗawa hannun mai daɗin baki.

Ya kamata a yi adalci. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke wannan aiki tsakani da Allah, suna da rajista, suna da malamai, suna koyarwa. Amma akwai kuma waɗanda jarinsu bai wuce shago biyu da benci da allo ba. Alamar farko ta mai ruɗi ita ce ya ce za a shiga jami'a ba tare da JAMB ba. Gaskiyar magana ita ce mai IJMB ko JUPEB ba zai zauna jarrabawar UTME ba, amma tilas ne ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye daga JAMB, kuma ta hannunta takardar ɗaukarsa za ta fito. Alama ta biyu ita ce ya yi alkawarin maki tun yaro bai buɗe littafi ba.

Inda wannan hanya ke kaiwa an riga an gani. A 2023 hukumar JAMB ta bayyana cewa Jami'ar Bayero ta Kano ta binciki sakamako 148 na masu neman shiga kai tsaye, ta tarar 6 ne kaɗai na gaskiya. Tun daga nan aka ƙara tsananta tantance takardu kafin a ɗauki ɗalibi. Uban da ya sayar da fili ko ya ci bashi ya saya wa ɗansa irin wannan takarda, ya yi asarar kuɗi, ya yi asarar shekarun yaron, ya kuma ɓata masa suna. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ko da takardar ta tsallake bincike, yaron ba zai tsallake aji ba. Wanda aka jefa aji biyu a sashen injiniya ko harhaɗa magunguna, alhali bai san abin da aka koyar a aji ɗaya ba, zai zauna ne kamar baƙo a kasuwar da bai jin harshenta. Ƙarshenta ko dai a kore shi, ko ya bi ta bayan fage ya fito da digirin da ba ya iya karewa, jama'a su kwashi cutarwar.

Abin Da Karatun Ke Bukata

Dalilin da ya sa ba a iya wannan karatu a shago shi ne yanayinsa dabam ne da na sakandare. A sakandare yaro yana ɗauke da darussa 8 ko 9, yana tsinkar kaɗan daga kowanne. A karatun share fage darussa 3 ne, kuma ana so ya nutse cikinsu. Mai son likita zai ɗauki fiziks da kemistiri da bayoloji, mai son injiniya ya ɗauki lissafi da fiziks da kemistiri, mai son lauya ya ɗauki irin su adabi da ilmin gwamnati da tarihi ko addini. Ana lissafa sakamako da maki, A ta ci 5, B ta ci 4, har zuwa E mai maki 1, kuma kwasa-kwasan da a ke rububinsu sai mai maki na sama ke samu. Abin da a da a ke yi cikin shekara 2, yanzu cikin kimanin shekara guda a ke so a gama shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babu ranar wasa.

Abu na farko da a ke bukata shi ne malami wanda ya fi darasin da ya ke koyarwa. Malamin da ilminsa ya tsaya daidai inda manhaja ta tsaya, da zarar yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya yi masa tambaya ɗaya a gefe sai ya hau faɗa. Malamin kirki kafin ya ba yara aikin lissafi, shi da kansa zai zauna ya warware kowace tambaya, ya gano inda yaro zai yi tuntuɓe, ya shirya masa. Zai raba manhaja mako-mako tun ranar farko, ya bar watanni biyu na ƙarshe don bita. Zai kuma riƙa duba rubutun yara da jan biro, layi-layi, domin a wannan mataki ba a zaɓen amsa daga A zuwa D kaɗai, ana so yaro ya rubuta shafi uku yana kafa hujja. Malamin da ke zagaya makarantu huɗu a rana kan babur don ya haɗa abin cefane, ba shi da lokacin wannan, kuma ba laifinsa ba ne.

Abu na biyu shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Jarrabawar kimiyya tana da ɓangaren aiki da hannu. Yaron da bai taɓa ɗiga ruwan asid daga bututun awo yana jiran launi ya sauya ba, bai taɓa haɗa waya da batir ya auna ƙarfin lantarki ba, bai taɓa leƙa madubin ganin ƙananan halittu ba, to bai karanta kimiyya ba, labarinta ya ji. Zana hoton kayan aiki a allo ba ya maye gurbin riƙe su. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, sa'ad da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ta zuba musu malamai da kaya, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can su ne shaida.

Abu na uku shi ne laburare da wurin zama a yi karatu cikin natsuwa. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani, amma wurinsu ƙarshen shekara ne, bayan an gama fahimtar darasi. Inda aka fara da su tun makon farko, hadda a ke yi, kuma da zarar mai jarrabawa ya juya tambaya sai yaro ya rikice.

Abu na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne tushe. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Amurka akwai irin wannan tsari da a ke kira AP, wanda ya kafu tun 1955, inda ɗalibin sakandare ke ɗaukar darasin jami'a a cikin makarantarsa, a hannun malaminsa, ya yi jarrabawa a watan Mayu a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Wani malami mutumin Bolibiya, Jaime Escalante, ya yi suna a wannan fage a makarantar Garfield da ke unguwar talakawa a Los Anjalas. A 1982 ɗalibansa 18 suka ci jarrabawar lissafin kalkulas, masu jarrabawa suka yi shakkar 14 daga cikinsu, 12 suka sake zama, dukansu suka sake ci. Abin lura shi ne tun 1974 ya ke makarantar, ya shafe shekaru yana gyara lissafin ƙananan azuzuwa, yana koyarwa har ranar Asabar da lokacin hutu, kafin ya ga wannan rana. Yaran talakawa suna iyawa, in an ba su malami da lokaci.

Masu Ja Da Wannan Magana

Wasu za su ce ai da dalili aka soke aji shida, domin ya zama ƙunci, 'yan kaɗan ne ke samu, kuma ya fi cutar da Arewa. Wannan gaskiya ne a zamanin da shi kaɗai ne babbar hanyar shiga jami'a. Yau kuwa UTME tana nan ga kowa, babu mai cewa a taɓa ta. Abin da a ke magana a kai hanya ce ta biyu, wadda ta riga ta wanzu, masu kuɗi suna bin mai kyau, talakawa suna bin ta ƙaya.

Wasu kuma za su ce gwamnatin da ba ta gama gyara firamare da sakandare ba, ina ta ga ƙarfin ɗaukar sabon nauyi? Wannan ma magana ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗebe kuɗin firamare a kai can. Amma ba sabuwar kwaleji a ke nema ba, da ƙofa mai ado da gidan shugaba. Azuzuwa huɗu ko shida ne a cikin wata sakandaren gwamnati da ta riga ta tsayu, da ɗakin gwaje-gwaje mai kaya, da malamai goma sha wani abu. Bugu da ƙari, amfanin ba zai tsaya ga 'yan aji shida ba. Malamin kemistiri da ya isa ya koyar da darasin jami'a, shi ne zai shiga aji huɗu da biyar na makarantar, kayan gwajin da aka saya kuma kowa zai taɓa. Tsofaffin ɗaliban kwalejojin da suka yi HSC sun san yadda kasancewar aji shida ke ɗaga makaranta gaba ɗaya.

Akwai kuma masu cewa ai ga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, ga wasu a manyan garuruwa, yaro ya tafi can mana. Wanda ya san halin da iyaye ke ciki ba zai faɗi haka ba. Kuɗin mota da na abinci da na ɗaki sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Ga 'ya mace kuwa abin ya fi tsanani, domin iyaye da yawa ba za su saki yarinya 'yar shekara 16 ko 17 ta tafi wani gari ta kama haya ba. In babu aji kusa da gida wanda za ta je da safe ta dawo da la'asar, karatunta ya ƙare ke nan, ko da ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu. Ƙasar da ke kukan ƙarancin likitoci mata da malaman kimiyya mata ba ta da hujjar barin irin waɗannan yara su zauna.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Neja ta zaɓi sakandare ɗaya ta gwamnati a yankin Suleja, wadda yaran Gauraka da Madalla da Dikko da Sabon Wuse za su iya zuwa su koma gida, ta buɗe aji shida na jeka-ka-dawo, ta nema masa rajista da hukumar IJMB ko JUPEB. A ɗauki yara bisa cancanta, masu kiredit 5 har da Turanci da lissafi, a ware rabin gurabe ga 'yan mata, kuɗin makaranta kuma ya zama wanda talaka zai iya.

Na biyu, a zaɓo malaman da jarrabawa, a ba su alawus na musamman, a kuma daina yi musu canjin wurin aiki a tsakiyar shekara. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, da Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, duk ba su da nisa. Su ne za su karɓi yaran nan, don haka su ya fi kamata su riƙa tara malaman a lokacin dogon hutu, lakcarorin aji ɗaya su zauna da su a daidaita abin da a ke koyarwa.

Na uku, ma'aikatar ta riƙa buga sunayen cibiyoyin da ke da izini kowace shekara, a karanta a rediyo da Hausa da Gwari da Nupe da Turanci, a manna a ofisoshin ƙananan hukumomi. Sufetocin ilmi su riƙa shiga ba tare da sanarwa ba, wanda ba shi da ɗakin gwaje-gwaje a hana shi ɗaukar 'yan kimiyya. Jihar da hedkwatar hukumar NECO ke cikin babban birninta tun 1999 bai dace a ce a ƙofarta a ke cinikin sakamako ba.

Kafin gwamnati ta motsa, nauyi yana kan iyaye. Duk uban da zai biya kuɗi ya taka da ƙafarsa ya je wurin. Ya nemi a nuna masa takardar rajista, ya tambayi a wace makaranta yara ke zama jarrabawa, ya ce a buɗe masa ɗakin gwaje-gwaje ya gani, ya tambayi malamai nawa ne na dindindin. In shi bai yi boko ba, ya ɗauki wani malamin makaranta na unguwa su tafi tare. Wanda ya yi fushi da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ma su sa baki, su kai kukan gaban Mai Martaba Sarkin Zazzau na Suleja da wakilan yankin a Majalisar Dokoki ta Minna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Manyan ma'aikata da dama da ke wucewa ta Gauraka cikin motoci masu sanyi, aji shida da makarantun share fage na gwamnati ne suka kai su inda su ke, kuma iyayensu ba su fi iyayen yaran nan arziki ba. Abin da aka yi musu shi a ke roƙo su yi wa na baya. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata, amin.